Yadda Tsarin Zanen Alaƙa Ke Juya Fahimtar Mai Kallo

Kusan duk mai riƙe da wayar salula ya taɓa cin karo da irin wannan zane: ɗigo-ɗigo ko hotunan mutane an watsa su a kan shafi, an ja layuka suna haɗa wannan da wancan. Wani lokaci a WhatsApp za a turo maka shi, an sa hoton wani a tsakiya, kibiyoyi na fita daga gare shi zuwa wasu mutane da kamfanoni. Wani lokaci a manhajar na'urar Wi-Fi ta gida za ka gan shi, yana nuna wayoyi da kwamfutocin da ke jone. Taswirar jiragen ƙasa ta manyan birane ma irinsa ce, haka taswirar wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku.

Wannan shi ne abin da za mu kira zanen alaƙa. A yau za mu duba wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi: bayanin da ke cikin irin wannan zane shi ne wa ke haɗe da wa, amma inda aka ajiye kowane ɗigo, da tsawon kowane layi, da wanda aka sa a tsakiya ko a sama, zaɓi ne na mai zanen ko na manhajar da ta zana. Ido kuwa bai san haka ba. Da zarar ya kalla, sai ya ɗauki wannan zaɓi a matsayin gaskiyar magana.

Ɗigo da layi kawai

Zanen alaƙa abu biyu ya ƙunsa. Akwai ɗigo, wanda ke wakiltar mutum ko tasha ko kwamfuta ko kamfani. Akwai kuma layi, wanda ke nuna cewa akwai wata alaƙa tsakanin ɗigo biyu.

Asalin wannan tunani ya samo tushe ne daga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Leonhard Euler, a shekarar 1736. A garin Königsberg, wanda a yanzu ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, kogi ya raba gari gida huɗu, gadoji bakwai kuma suka haɗa su. Mutanen garin na tambayar ko mutum zai iya zaga gari ya bi kowace gada sau ɗaya tak. Euler ya nuna cewa ba zai yiwu ba, kuma a hujjarsa bai damu da tsawon gada ko girman unguwa ba. Abin da ya ƙirga kawai shi ne gada nawa ke taɓa kowane yanki. Tunda dukkan yankunan huɗu adadin gadojinsu mara ne, ba cika ba, to babu hanyar da za a bi.

Darasin da ke nan shi ne, in ka ɗauki ɗigogin ka matsar da su duk inda ka ga dama, muddin ba ka cire layi ko ka ƙara ba, alaƙar ba ta canza ba. A lissafi zane ɗaya ne. A ido kuma yana iya zama labari biyu mabambanta.

Gwada wannan a takarda. Ɗauki mutum biyar a unguwa: tela, mai shayi, ɗan acaɓa, mai cajin waya da mai POS. Tela ya san mai shayi, ya san ɗan acaɓa, ya san mai caji. Mai shayi da ɗan acaɓa sun san juna. Mai POS kuwa mai caji kaɗai ya sani. A zane na farko, sa tela a tsakiya, sauran su kewaye shi. A zane na biyu, sa mai POS a tsakiya da babban da'ira, ka jera sauran huɗun a gefe. Miƙa wa abokinka zane na biyu ka tambaye shi wa ya fi kowa jama'a. Da wuya bai nuna mai POS ba kafin ya tsaya ƙirga layuka, alhali layinsa ɗaya ne tak, na tela kuma uku.

Taswirar da ta canza tunanin mutanen Landan

Misali mafi shahara a duniya kan wannan batu shi ne taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin Landan. Kafin shekarun 1930, ana zana layukan jiragen ne bisa ainihin yadda suke a ƙasa. Sakamakon haka tashoshin tsakiyar gari suka cunkushe wuri guda har sunayensu ba sa karantuwa sosai, na bayan gari kuma suka yi nisa da juna.

Wani ma'aikacin kamfanin jiragen mai suna Harry Beck, wanda aikinsa zana tsarin wayoyin lantarki ne, ya kawo wata shawara a 1931. A ganinsa, fasinjan da ke cikin rami bai damu da abin da ke samansa ba. Abin da yake son sani shi ne wace tasha ke bin wace, kuma a ina zai canza jirgi. Sai ya miƙar da layukan duka: wasu a kwance, wasu a tsaye, wasu a karkace da kusurwar digiri 45. Ya faɗaɗa tsakiyar gari, ya matse bayan gari, ya sa tazarar tashoshi ta yi kusan daidai da juna. A cikin abubuwan da ke doron ƙasa, kogin Thames kaɗai ya bari. Da farko hukumar ta ƙi karɓa, amma a 1933 aka buga shi, jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. A yau birane da dama a duniya irin wannan salo suke bi.

To amma sauƙin karatun ya zo da farashinsa. Tunda tazarar da ke kan taswirar ba ta gaskiya ba ce, baƙi kan shiga jirgi don tafiyar da ƙafa ta fi sauri. Tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden kimanin mita 260 ne kacal. Kafin ka sauka cikin rami, ka jira jirgi, ka sake hawowa, mai tafiya a ƙafa ya riga ka isa. Tashoshin Queensway da Bayswater kuwa a kan titi ɗaya suke, tafiyar 'yan mintoci, amma da yake layukansu daban ne, wanda ya dogara da taswira zai hau jirgi, ya sauka a wata tasha, ya canza wani jirgin, kafin ya fito kusa da inda ya baro. Wannan ya sa a 2015 hukumar sufurin Landan ta fitar da wata taswira mai nuna minti nawa ake yi a ƙafa tsakanin tashoshi.

Ba baƙi kaɗai abin ke shafa ba. A 2011, wani mai bincike a Jami'ar New York mai suna Zhan Guo ya nazarci hanyoyin da fasinjojin Landan ke zaɓa. Ya gano cewa tsawon hanya a kan taswira ya fi tasiri a zaɓinsu fiye da ainihin lokacin da tafiyar ke ci, har a wurin waɗanda suka saba bin hanyar. A tafiya daga Paddington zuwa Bond Street, kusan kashi 30 cikin ɗari na fasinjoji sun bi ta Notting Hill Gate, alhali ta Baker Street ta fi sauri. Zane ya rinjayi abin da jikinsu ke ji kullum.

A birnin New York na Amurka an ga ɗaya gefen lamarin. A 1972 mai zane Massimo Vignelli ya yi musu taswira irin ta Landan, inda babban lambun Central Park ya fito kusan murabba'i alhali dogo ne, ruwa kuma bai fito da launin shuɗi ba. Mutane suka yi ta ƙorafi cewa ba su gane garinsu a ciki, har aka sauya ta a 1979.

Abubuwa huɗu da ido ke yanke hukunci a kansu

Na farko shi ne tsakiya. Duk abin da aka ajiye a tsakiyar shafi, ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa a matsayin jigo. A 1997, masu bincike uku, Cathleen McGrath da Jim Blythe da David Krackhardt, sun ɗauki alaƙar mutane guda ɗaya suka zana ta ta fuskoki daban-daban, suka nuna wa masu kallo. Alaƙar ba ta canza ba ko da layi ɗaya, amma amsar masu kallo kan wa ya fi muhimmanci, da kuma rukuni nawa ne a cikin jama'ar, ta riƙa canzawa bisa yadda aka jera ɗigogin.

Na biyu shi ne kusanci. Ɗigo biyu da ke dab da juna, ido na haɗa su gida ɗaya ko da babu layi a tsakaninsu. Waɗanda aka nesanta kuma sai a ɗauka ba ruwansu da juna, ko da layi ya haɗa su kai-tsaye. Masana halayyar ɗan Adam na Jamus sun bayyana wannan ɗabi'a ta ido tun farkon ƙarni na 20, kuma masu tsara manhajoji na amfani da ita kullum wajen jera maɓallai a fuskar wayarka.

Na uku shi ne sama da ƙasa. Mun saba da zanen shugabanci na ofis da na makaranta, inda oga ke sama, na ƙasa da shi ke biye. Don haka duk zanen da aka jera daga sama zuwa ƙasa, sai mu karanta shi a matsayin mai ba da umarni da masu karɓa, ko da alaƙar ta abokai ce ko ta masu ciniki da juna.

Na huɗu shi ne giciyen layuka. A shekarar 1997 ɗin dai, Helen Purchase ta Jami'ar Queensland a Ostireliya ta gwada abubuwa biyar da masu zane ke ganin suna ƙawata zanen alaƙa, don ta ga wanne ne ke taimaka wa fahimta a zahiri. Rage yawan wuraren da layi ke gitta layi shi ya fi komai tasiri. Rage lanƙwasar layuka da daidaita ɓangarorin zane sun biyo baya. Dalilin a fili yake: duk inda layi biyu suka gitta juna, ido na iya sauka daga wanda yake bi ya hau ɗayan, sai mutum ya ga alaƙar da babu ita.

Bayan waɗannan akwai girman ɗigo, da kaurin layi, da launi. Jan layi mai kauri na sa a ji akwai haɗari ko laifi, siririn layi mai ruwan toka kuma ba a ma ganinsa. A zane mai kyau, girma da launi na da ma'anar da aka bayyana a gefe, misali babban ɗigo na nufin mai layuka da yawa. In ba a bayyana ba, to ado ne, ko kuma ra'ayin mai zanen.

Idan manhaja ce ta zana fa?

Mai karatu na iya cewa, ai yawancin zanen da ake gani yanzu kwamfuta ce ke fitar da su, kuma kwamfuta ba ta da son kai. Gaskiya ne ba ta da son kai, amma tana da ƙa'idar da take bi, kuma ƙa'idar na da nata tasirin.

Manhajoji irin su Gephi, da ake amfani da su wajen zana alaƙar masu amfani da shafukan sada zumunta, galibi suna bin wata dabara ta ja da turi. Peter Eades ya gabatar da ita a 1984, sannan Thomas Fruchterman da Edward Reingold suka fitar da wani salonta da ya shahara a 1991. Ka ɗauka kowane ɗigo maganaɗisu ne da ke ture sauran ɗigogi, kowane layi kuma roba ce da ke janyo ɗigo biyu zuwa ga juna. Manhajar za ta watsa ɗigogin barkatai, ta bar su su yi ta ja da turi har su tsaya cik. Inda suka tsaya shi ne zanen da kake gani.

Wannan dabara na da amfani, domin waɗanda ke da alaƙa da yawa a tsakaninsu kan taru wuri ɗaya. Sai dai tunda daga barkatai ake farawa, in ka sake danna maɓallin da bayanai iri ɗaya, zanen na iya fitowa daban. Rukunin da ke hagu ya koma dama, na sama ya dawo ƙasa. Saboda haka hagu da dama ko sama da ƙasa ba su da wata ma'ana a irin wannan zane. Haka kuma ɗigo biyu na iya faɗawa kusa da juna don kawai sauran sun turo su can.

In kuma ɗigogi suka kai dubbai, sai zanen ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Irin wannan na burge ido, yana sa a ji an yi gagarumin bincike, amma babu mai iya bin layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A 2010 jaridar New York Times ta buga wani zane da aka nuna wa kwamandojin Amurka kan yaƙin Afganistan, cike da kibiyoyi masu shiga juna. An ruwaito cewa Janar Stanley McChrystal ya yi barkwanci cewa ranar da suka fahimci zanen, ranar sun ci yaƙin.

Ranar da intanet ta ɗauke

Ga misalin da ya taɓa mu kai-tsaye. Ranar 14 ga Maris, 2024, a farkon watan azumi, intanet ta yi rauni ko ta ɗauke gaba ɗaya a sassan Najeriya, Gana, Kwaddibuwa, Laberiya da wasu ƙasashen Afirka. Manhajojin banki suka tsaya, tura kuɗi ya gagara. Abin da ya faru shi ne manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, ACE, MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar tekun Kwaddibuwa.

Wanda ya buɗe taswirar waɗannan wayoyi a intanet zai ga layuka masu launi daban-daban, kowanne da tazararsa, an jera su tsaf a gefen nahiyar. Kallo ɗaya zai ce ai hanyoyi da yawa ne, in ɗaya ta yanke sauran za su ɗauki nauyi. Amma kamfanin TeleGeography, mai shahararriyar taswirar wayoyin teku, ya bayyana cewa layukan da ke taswirarsa an daidaita su ne don sauƙin karatu, ba ainihin inda wayoyin suka bi ba ne. Wayar kanta a cikin zurfin teku kaurinta bai wuce na tiyon ban ruwa ba, kuma wayoyi da dama kan ratsa yanki guda. Tazarar da ke kan allo an yi ta ne don ido ya bambanta launuka. Abu ɗaya da ya faru a ƙasan teku ya isa ya shafi huɗu a rana ɗaya.

Ƙaramar fuskar waya na ƙara matsalar

Yawancin waɗannan zane-zane an tsara su ne don faffaɗan allon kwamfuta ko takarda. A waya mai inci 6, in ka buɗe zanen gaba ɗaya rubutun ba ya karantuwa, abin da ya rage maka shi ne siffa: wa ke tsakiya, wa ya fi girma, ina jan launi yake. Wato dai ainihin abubuwan da suka fi yaudarar ido. In kuma ka zuƙo hoton don ka karanta suna, sai layukan su fice daga allo, ba ka ganin inda suka nufa.

Akwai kuma yankan hoto. Mutum zai ɗauki hoton allo na wani ɓangare na babban zane, ya yanke gefe-gefe, ya tura. Wanda yake can lungu a zanen asali sai ya koma tsakiya a hoton da aka yanke. Bayanin ma'anar launuka, wanda galibi a ƙasa ko a gefe yake, shi ne farkon abin da ke tafiya. Ga shi kuma manhajojin aika saƙo na rage ingancin hoto, ƙananan rubutu su dushe.

A nan ne abin ya wuce batun fasaha ya shafi mutuncin mutane. Layi tsakanin hoton mutum biyu na iya nufin 'yan uwa ne, ko sun taɓa aiki a ma'aikata ɗaya, ko ɗaya na bin ɗaya a Facebook, ko an gan su a ɗaurin aure guda. A zane, duk waɗannan layi iri ɗaya ne. Hatta ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ, wadda ta fitar da bayanan Panama Papers a 2016 tare da zanen alaƙar mutane da kamfanoni, ta sa gargaɗi a shafinta cewa fitowar sunan mutum a ciki ba ya nufin ya aikata laifi. In masu riƙe da takardun shaida sun yi wannan taka-tsantsan, ina ga zanen da ba a san wanda ya haɗa shi ba?

Yadda za ka karanta zanen alaƙa

Kafin ka yarda da abin da zane ya nuna maka, ko ka tura wa wani, bi waɗannan matakai:

Tambayi kanka me layin ke nufi. In ba a rubuta ba, zanen bai gaya maka komai ba tukuna.

Ƙirga layuka. Ɗora yatsa a kan wanda ke tsakiya ka ƙirga layukan da suka taɓa shi, sannan ka ƙirga na wasu biyu ko uku da ke gefe. Sau da yawa za ka tarar na gefen sun fi shi.

Bi layi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, musamman inda ya gitta wani. Layin da ya wuce ta kusa da ɗigo bai haɗu da shi ba.

Nemi bayanin launi da girma. In babu, kada ka ba su ma'ana daga kanka.

Duba gefen hoton. In layuka na fita daga hoton ba tare da sun isa ko'ina ba, an yanke shi, nemi cikakken.

Bambanta zane da taswirar ƙasa. In tafiya za ka yi a baƙon gari, duba taswirar jirgi don sanin inda za ka canza, sannan ka buɗe Google Maps don sanin ainihin nisa.

In kuma kai ne mai zanen, ko don aikin makaranta, ko don nuna wa mai gida yadda ka jona na'urorin shagonsa, rage giciyen layuka gwargwadon iko, rubuta ma'anar kowane launi a cikin hoton yadda ba za a iya yanke shi cikin sauƙi ba, kuma ka gwada jera ɗigogin ta hanya biyu. In labarin da zanen ke bayarwa ya canza daga na farko zuwa na biyu, to jerin ne ke magana, sai ka koma ga layukan ka ga abin da suka tabbatar. Daga ƙarshe, buɗe shi a wayarka kafin ka tura, domin a nan yawancin mutane za su gan shi.